Wai kuran da waya ne suka kori albarka daga Maraɗi?

Zauren zumunta na 'yan unguwar Bagalam, daren Alhamis bayan isha'i

Malam Habu Limanci: Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana, wanda ta yi wa zafi ya yi haƙuri. Duk abin nan da ake kira ci gaba, kuran ne, wato wutar lantarki, waya ce, kwalta ce, babura ne, ban ga abin da ya ƙara mana ba sai haɗama. Jiki ya samu hutu, zuciya ta bushe. Ɗazu da magariba sahu bai cika ba, alhali ga matasa nan a bakin masallaci sun kewaye butar shayi, kowa ya duƙar da kai kan waya. Iyayenmu ba su da fanka, amma suna tashi cikin dare su yi nafila, kuma mutum ya san ko maƙwabcinsa ya ɗora tukunya ko bai ɗora ba. Yanzu katanga ta ƙara tsawo, an jera mata fasassun kwalabe. Ni dai na ce albarka ta fara barin garin nan tun da waɗannan kaya suka shigo. Kada wani ya ce ai da waya na aiko, na sani, jikana ne ma ke rubuta mini.

Lawali Sola: Allah shi gafarta Malam, kun toshe mana ƙofar tun kafin mu taɓa ta.

Hajiya Rabi Ungozoma: Wa alaikumus salam. Malam, ni ba zan yi shiru ba, don abin da kuke kira da, a hannuna ya wuce. Na yi aikin karɓar haihuwa tun ana kunna fitilar ƙwai a ɗakin haihuwa. Mace za ta yi kwana biyu tana naƙuda a ƙauye, a ɗoro ta a amalanken shanu, kafin a iso gari ɗan ya mutu a ciki, ita kuma in ta rayu ta koma da yoyon fitsari, miji ya guje ta. In ƙyanda ta shigo unguwa lokacin bazara, gida ɗaya sai a fitar da yara biyu cikin sati. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 1998 ta nuna cikin yara 1000 da aka haifa a Nijar, 274 ba su kai shekara biyar. A 2006 ya sauko 198, a 2012 ya koma 127. Riga-kafi ne, gidan sauro ne, gidajen likita na ƙauye ne, da maganin yara ƙanana da aka mayar kyauta tun 2006. Kurkunu fa? Yaran yanzu ko sunanta ba su sani ba, mu kuwa mun ga magidanci kwance da damina ana naɗe masa tsutsa a tsinke, gonarsa ta cika da haki. Tun 2013 aka tabbatar babu ita a ƙasar nan. In wannan ne ya kori albarka, to ku faɗa mini wace albarka ce ke cikin kukan uwar da ta binne 'ya'ya huɗu.

Malam Habu Limanci: Hajiya, ban yi faɗa da magani ba. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce a nemi magani. Rai kuma na Allah ne, wanda kwanansa ya ƙare ko a Faransa yake zai tafi. Tambayata ita ce, yaran da suka rayu ɗin, me muka zuba musu a ƙirji?

Hajiya Rabi Ungozoma: Wannan aikinku ne Malam, mu mun miƙo muku su da rai.

Mushe Isufu: Ni wannan "da" ɗin nake so a tsayar mini, don kullum ana ambatonta ba a faɗin shekara. Wace da? Garin nan Katsinawan da jihadi ya kora ne suka kafa shi, Ɗan Kasawa ya zauna nan wajajen 1819, kuma abin da ya biyo baya yaƙi ne shekara da shekaru. Zamanin Ɗan Baskore dawakin Maraɗi har ƙasar Katsina da Zamfara suke kai hari, su ma ana kawo mana. Mutum ya fita gona a kama shi a sayar. Bauta ma sai a 2003 dokar Nijar ta mayar da ita laifin da ake ɗaure mutum a kansa, kuma ba don zukata sun gama tsarkaka ba ne aka yi dokar. Ko da ta zamanin gyaɗa ake nufi, bayan ambaliyar 1945 da ta sa aka taso da gari daga bakin Gulbi zuwa tudu? A lokacin ma tsofaffi cewa suke kuɗin gyaɗa sun lalata yara, saurayi ya samu jikka ya daina gaida ubansa. Kakata har ta rasu tana zagin keke. Kuma Malam ya fi ni sani, masu sallar dare suna nan a da, masu bori ma suna nan, gida ɗaya wani lokaci.

Malam Habu Limanci: Mushe, kai komi sai ka kai shi aji. Ba tarihin sarakuna nake ba, abin da idona ya gani nake faɗa.

Alhaji Sani Mai Hatsi: Ni ina bayan Malam a wuri guda, maganar amana. Na tashi a hannun ubangidana, Allah shi jiƙan shi. Zai ba ka kaya cike da mota ka tafi Kano ko Agadas, ba takarda, ba shaida, sai Fatiha. In ka dawo ka zube kuɗi a gabansa ko ƙirgawa ba ya yi a gabanka, don kada ka ji kunya. In bara ya yi shekaru yana hidima, ubangida ya yi masa aure, ya ba shi jari. Haka alhazan Maraɗi suka yi suna. Yau yaro zai turo maka hoton rasit a waya ya ce ya aiko kuɗi, ka je gidan karɓa a ce babu komi, hoton ƙarya ne aka gyara. An yi mini, ba labari aka ba ni ba. Amma in ce waya ba ta amfane ni ba, na yi ƙarya. Kafin in sha kunun safe na san kuɗin gero a Dawanau da Jibiya da Damagaram.

Hajiya Rabi Ungozoma: Tunda Alhaji ya kawo maganar hatsi, a tuna mana da 2005. Fari da fara sun yi ɓarna a daminar 2004, gaskiya ne. Amma ni na yi aiki a wurin kwantar da yara masu tamowa a wannan shekarar. Uwa za ta shigo da yaro ɗan shekara biyu, ka ɗaura masa ma'aunin damtse ya faɗa cikin ja, fatar cinyarsa ta yi laushi tana reto, ko kuka ba ya iyawa. In na tashi aiki na biyo ta kasuwa, ga buhunan gero nan jere har rufi. Hatsi bai ƙare a Maraɗi ba, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka, wani kuma aka tsallaka da shi iyaka inda ya fi tsada. Waɗanda suka kulle sito suna jiran farashi ya ƙara hawa ba 'yan waya ba ne, dattawa ne masu carbi, wasunsu sun je Makka ba sau ɗaya ba. Masu ɗaukar yaran nan suna ba su madara kuwa, da yawansu ko alwala ba su iya ba.

Alhaji Sani Mai Hatsi: Hajiya, a yi adalci. Ɗan kasuwa bai saukar da fara ba. Wanda ya sayi buhu da tsada ba zai sayar da araha ba, shi ma da iyali. Kuma akwai waɗanda suka buɗe sito suka yi sadaka a wannan shekarar, ba a buga su a rediyo ba ne kawai.

Hajiya Rabi Ungozoma: Akwai su, Allah shi saka musu. Ban ce duka ba.

Malam Habu Limanci: To ai kin dawo kan maganata. Ga abinci, ga mota, ga kwalta, yara na mutuwa. Me ya rasa in ba tsoron Allah ba? Wadata ba yawan kaya ba ce, wadatar zuci ce, haka hadisi ya ce.

Hajiya Rabi Ungozoma: A'a Malam, kun ce kayan zamani ne suka kawo ciwon. Ni kuma na nuna muku ciwon a jikin mutanen da suka girma kafin kayan su zo.

Nafisa Jami'a: Ina wuni iyayena. In an ba ni dama in sa baki. A sashen noma na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo an koya mana wani bincike da wata Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta yi kan kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, wato lokacin da wayar salula ke shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Ta gano inda waya ta isa, bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili kuwa, ɗan kasuwa ya daina tafiya a makance, yana jin inda hatsi ya yi tsada ya kai can, sai farashi ya sauko. Babu wanda ya yi don Allah, riba kowa ke bi, amma talakan wannan garin ya samu sauƙi.

Mushe Isufu: Madalla ɗiyata. Wato ko haɗamar ma in an haska mata fitila ta fi ta cikin duhu dama.

Salisu Tamanrasat: Salamu alaikum, yanzu na samu rezo na karanta duka. Baba Malam, mu da ke nesa waya ita ce zumuncinmu. Mahaifina ya yi cin-rani a Ikko, in ya tafi sai ya dawo ake sanin yana raye, an yi sunan ƙanwata bai sani ba. Ni kullum ina jin muryar tsohuwata, in ta ce gero ya ƙare kafin la'asar kuɗi sun isa hannunta. Amma ba zan ɓoye ba, abin da ke faruwa wajen Madarumfa da Gidan Rumji yana sa ni tunanin maganarku. Babur da ke kai mai naƙuda likita, irinsa ne 'yan bindiga ke hawa su shigo gari da dare. Su ɗauke magidanci, da wayarsa za su kira iyalinsa su yi ciniki. Ɗan uwan matata sai da aka sayar da gona da shanu kafin a sako shi. Ga kuma tramol, na ga abokai a wurin haƙar zinari da ba su iya ɗaga shebur sai sun haɗiya.

Malam Habu Limanci: Allah shi tsare ka Salisu, shi dawo da kai lafiya. Kai ka gane.

Lawali Sola: Ni kuma ina da gwaji da duk muka gani da idonmu, ba sai an je tarihi ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke mana kuran, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar nan daga can take zuwa. Ba a maido ba sai Maris na 2024, bayan an ɗage takunkumi. Wata bakwai ke nan aka ɗanɗana mana zaman da. To Malam, sahun asuba ya ƙaru? Ni abin da na gani, masu walda da teloli da masu niƙa sun zauna ba aiki, mata masu sayar da ƙanƙara da lamurje jarinsu ya narke, gidajen da ake ajiye maganin ciwon suga a firiji hankalinsu ya tashi. Na ɗora farantin sola a gidaje da yawa a lokacin. Akwai wata tsohuwa a Mokoyo da ɗanta ya sa mata faranti ɗaya da batir, ta jawo waya ta taga ta ɗaura soket a jikin dalbejiyar ƙofar gida, duk wanda ya zo ya sa cajinsa kyauta, har ta ajiye randa da moɗa a gefe. A layin bayanta wani mai faranti shida ya rufe ƙofa, in yaron maƙwabci ya zo da waya sai ya biya. Rana ɗaya ce ke dukan rufinsu.

Malam Habu Limanci: Wata bakwai ba su gyara abin da shekara arba'in suka ɓata. Wanda ya saba da fanka in ka ɗauke masa, zagi zai yi, ba zikiri ba.

Lawali Sola: To in akwai kuran laifin kuran ne, in babu kuma laifin sabo da kuran ne. Malam, ta ina za mu kama ku?

Mamman Shugaban Zaure: Lawali, a sassauta harshe, da mahaifinka kake magana.

Lawali Sola: Tuba nake. Amma tambayar tana nan.

Malam Habu Limanci: Bar shi Mamman, tambaya ce mai kyau, bari in ba shi amsa daga inda na fi sani. Ni malamin allo ne. Da yaro zai rubuta allonsa da tawadar da ya dafa da kansa, ya zauna gindin wuta yana maimaita aya har ta zauna, ya wanke, ya sake rubutu. Kafin ya kai izu goma ya koyi zama wuri ɗaya, ya koyi jira, ya koyi a gyara masa kuskure a gaban mutane bai yi fushi ba. Karatun ke nan na gaskiya, harafin bisa yake. Yanzu almajirina yana da ƙira'ar manyan alarammomin Makka da Masar a aljihu, muryarsa ta fi tawa daɗi, amma in ka ce ya zauna bayan asuba har hantsi bai taɓa aljihu ba, sai ka ga ƙafarsa na rawa. Zuciya ba ta girma sai da shiru, waya kuma ba ta barin shiru. Wuƙa in ka ajiye ta tana nan inda ka ajiye, wannan kuwa ita ke kiranka. Waɗanda suka ƙera ta da hankalin mutum suke cin abinci, gwargwadon daɗewarka a kai gwargwadon tallan da za su sayar. Saboda haka kada a ce mini kaya ne kawai, ya danganta da mai riƙe da shi. Sannan dubi abin da ta yi wa ilimi. Kowa ya zama mufti. Yaron da bai gama Ahalari ba zai yi bokal ya kafirta malamin da ya haifi ubansa, kafin gari ya waye an tura wa zaure ɗari. Saɓani tsakanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala ba yau aka fara ba, amma da sai ka taka ka je gaban mutum, ka ga furfurarsa, kunya ta rage maka rabin abin da ka zo da shi.

Mushe Isufu: Wannan kam na karɓa, ko a lakwal haka ne. 'Yan ajin ƙarshe da na koyar kafin in yi ritaya ba su iya karanta shafi biyu a jere. Sai dai Malam, yanzu ka rage kaya. Da farko kuran da kwalta da babur duk ka haɗa ka ɗaure, yanzu saura waya kaɗai.

Malam Habu Limanci: Waya ce babbarsu. Sauran suka share mata hanya.

Hajiya Rabi Ungozoma: Ko a wayar ma ku bar mana rabonmu. Mahaifiyata ta rasu Fatiharta ba daidai ba, don ba wanda ya ga dacewar a zaunar da mace a koya mata. Yau matan layinmu suna daka suna sauraron tafsiri, sun san hukuncin jinin biƙi da gadonsu ba sai sun aika miji ya tambayo ba, ya dawo ya faɗi wanda ya yi masa daɗi. Shirun nan da kuke yabo, mu mata mun sha shi har ya ishe mu.

Nafisa Jami'a: Akwai abu ɗaya da ke ɗaure mini kai, ban san ɓangaren wa zai faɗa ba. Bayan farin shekarun 1970 gonakin jihar nan sun zama fili fetal, an kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa, yawancinsu suka mutu. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aiki da mishan a nan Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Aka fara roƙon manoma su bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, su datse sauran. Shi ne sassabin zamani. Da farko dariya aka yi wa masu yi, ana cewa gonarsu ƙazama ce, wasu kuma da dare ake sare musu. Ba inji, ba taki, lauje ne da gatari. Abin da ya canza shi ne manomi ya yarda ya jira shekaru, maƙwabci ya daina satar icen maƙwabci, hukuma kuma ta sassauta har manomi ya ji itacen nasa ne. Yau ana maganar kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Ku bi hanyar Agye ku ga gawo a gonaki. Wannan ci gaban kaya ne ko na zuciya?

Malam Habu Limanci: Nawa ne wannan, ɗiyata. Haƙuri da amana. Hadisi ya ce ko Alƙiyama za ta tashi, in akwai dashe a hannunka ka dasa.

Lawali Sola: Namu ne Malam. Ilimi ne, wani ya duƙa ya duba saiwa. Haƙurin yana nan tun da, amma ana ta sassabe itatuwan da shi.

Mushe Isufu: Kuma kada a manta yunwa ce ta sa mutane suka saurara, da hatsin da aka riƙa ba masu yi a 1984. Ciki ma yana da hannu a ciki.

Alhaji Sani Mai Hatsi: Ni dai abin da nake jira jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi, da aka aza tubalinsa a 2021, kilomita 284. Ranar da ya iso, kuɗin dakon buhu zai faɗi, kowa ya huta. Malam in ya ga dama ya hau mu je Kano ziyara.

Hajiya Rabi Ungozoma: Alhaji, kafin jirgi ya iso ina da tambaya, tunda kai ka buɗe da amana. Manoman da ke zuwa wurinka tsakiyar damina rumbu ya ƙare, ka ba su kuɗi ko tiya, da kaka su biya da buhu a farashin da ka yanka tun hatsi bai fid da kai ba, abin da ake ce wa a ci ba daɗi. Wannan na da ne ko na zamani?

Alhaji Sani Mai Hatsi: Taimako ne Hajiya. In ban ba su ba wa zai ba su? Banki ba ta san su ba. Kuma wani in damina ta ƙi, kuɗina sun tafi ke nan, ba na kai kowa gaban alƙali.

Nafisa Jami'a: Baba Alhaji, akwai ƙungiyoyin manoma da ke ajiye hatsinsu a sito da kaka, a ba su bashi a kansa, su sayar da bazara in ya yi daraja. Ribar da ke zuwa wurinku sai ta tsaya wurinsu.

Alhaji Sani Mai Hatsi: Na san su ɗiyata. Wasu sun yi kyau, wasu ma'ajin ya gudu da makulli.

Hajiya Rabi Ungozoma: Malam Habu, ku ne masu littafi. Mene ne hukuncinsa?

Malam Habu Limanci: Sayen abin da bai zo ba da kuɗi hannu yana da babinsa a fiƙihu, da sharuɗɗansa: a san awo, a san lokaci, a biya kuɗi nan take. Amma in tiya aka ba da don a karɓi fiye da ita na irin hatsin, wannan riba ce ta haram, ba ta da wani suna. Ko na farkon ma, in matsuwar mutum aka duba aka karya masa farashi, ni ba zan ci ba. Sauran bayani ba na zaure ba ne. Alhaji, ka same ni bayan sallar Juma'a.

Alhaji Sani Mai Hatsi: Gobe ina da motoci biyu da za su sauke kaya, sai dai jibi.

Salisu Tamanrasat: Alhaji, tunda kana kusa, nawa buhun gero yau? Ina so in aika wa tsohuwa, kuma na gida za ka yi mini, ba na waya ba.

Alhaji Sani Mai Hatsi: Turo ƙanenka sito da safe, a nan ba a faɗin farashi, Hajiya na ji.